Kayanku Kaɗai Motar Ke Ɗauka?

Litinin, 12 ga Fabrairu, ƙarfe 7 na safe

'Yata Carys ce ta ce in riƙa rubutawa. Ta ce, "Mam, duk wanda ya kira ki rubuta sunansa da lokacin da abin da ya ce. Kar ki dogara da kanki, kin san halinki." To na sayi littafi. Ba wanda ya kira tukuna, shi ya sa nake rubuta wa kaina.

Yau kwana huɗu da hatsarin ranar Alhamis ɗin nan. Motarmu tana gareji bayan gidan mai, an rufe gabanta da tamfol. Emrys, mijina, ya dawo gida da ɗinki bakwai a goshi da hannu a rataye. Abokinsa Ifor bai dawo ba. Yana asibiti a Bangor, ƙanwarsa Dilys tana kwana a kujera kusa da gadonsa.

Jibi ranar masoya. Jan wardi ɗari uku na yi oda tun watan jiya, suna can wajen dilan furanni, mil arba'in daga nan. Shekara ashirin da biyu ina da shagon nan, ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda fure yake zuwa hannuna ba. Emrys ya tashi da asuba, ya tafi, ya dawo. Shi ke nan abin da na sani.

Talata, 13 ga Fabrairu, ƙarfe 11 na safe

Na kira kamfanin inshora. Minti arba'in suna sa min kiɗa kafin wata yarinya ta ɗauka. Muryarta mai daɗi, har da yi min jaje. Ta tambayi lambar mota, da wurin da abin ya faru, da ko akwai ƙanƙara a hanya. Na ce akwai. Ta ce mutum nawa ne a ciki. Na ce biyu. Sai ta ce, "Me motar take ɗauke da shi a lokacin, Misis Parry?"

Na ce kabad.

"Na shagonku ne?"

Na ce sai na tambayi mijina.

Ba na buƙatar tambayar kowa. Kabad ɗin mahaifiyar su Dilys ne, babba na katakon gargajiya, wanda take jera farantan bikinta a kai. An kai tsohuwar gidan kula da tsofaffi bayan Kirsimeti, ana kwashe gidanta. Ifor ya ce Emrys ya zo su kai kabad ɗin gidan Dilys, can bayan tsauni. Ifor ya shiga gaban motar don ya kama masa saukewa. Tun suna 'yan firamare suke tare, in ka ga ɗaya to ɗayan yana bayansa yana zaginsa.

Laraba, 14 ga Fabrairu, ƙarfe 6 na yamma

Wardin bai zo ba. Na sayar da abin da ya rage a bokitai. Wani ya leƙo, ya ga shagon wayam, ya ce, "Nesta, ko an daina soyayya a garin nan ne?" Na yi masa dariya. Ya tsallaka kanti ya sayi cakulan.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, ƙarfe 3 na rana

Na je gareji kwaso kayanmu daga cikin motar. Ban ɗaga tamfol ɗin ba, ta ƙofar direba na shiga. Ɗaya gefen ba ya buɗuwa. Na ɗauko tabaran Emrys, da flas ɗin shayi, da almakashina da na yi wata biyu ina nema. Hular Ifor tana ƙasa, na bar ta, na dawo na ɗauka.

Akwai wani abu kuma a aljihun gaba. Na sa shi a jaka. Yanzu yana cikin tsohon gwangwanin biskit a saman firji.

Mai garejin ya ce, "Wannan kam ta gama aiki, Nesta. Amma ai kuna da inshora, za su ba ku wata." Na ce eh, muna da ita.

Sunan shagona yana nan a jikinta, ko ƙwarzane bai samu ba.

Asabar, 17 ga Fabrairu, ƙarfe 8 na safe

Ruwa tun jiya. Ba su kira ba.

Waya dai ba ta huta ba. Mai gonar kaji yana tambaya wa zai kai masa ƙwai shaguna ranar Talata. Sakataren coci yana tambayar kujerun da za a kai zauren taro. Wata mata da ban sani ba ta ce an ba ta lambar nan, tana da gado da injin wanki da za a kai mata sabon gida. A garin nan in an ce "motar", tamu ake nufi. Litinin da Alhamis furanni, Talata ƙwai, ranar jana'iza furannin kabari, sauran ranaku duk abin da ya samu. Da furanni kaɗai ai da tuni mun rufe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ɗan abin da Emrys yake samu na ɗaukar kaya shi ke kunna mana wuta a gida.

Emrys yana rumfar bayan gida. Tun safe yake shiga, sai an kira shi cin abinci. In waya ta yi ƙara yakan tsaya cak, sai ya ji ba daga asibiti ba ne sannan ya ci gaba da abin da yake yi. Ban san abin da yake yi ba.

Lahadi, 18 ga Fabrairu, ƙarfe 2 na rana

Ban je coci ba. Na nemo takardun inshorar a akwatin ƙarƙashin bene. Na karanta shafi na uku. Na sake karantawa. Na mayar da su.

Talata, 20 ga Fabrairu, ƙarfe 5 na yamma

Na hau bas na je asibiti. Emrys ya sa takalmi har ya kai ƙofa, sai ya ce hannunsa yana ciwo.

An yi wa Ifor aiki karo na biyu a baya. Yana kwance shimfiɗe, an sa masa wani abu a wuya, ido kaɗai yake juyawa. Bakin dai yana nan.

"Ina tsohon banzan? Tsoro yake ji in tashi in shaƙe shi?"

Na ce hannunsa ne.

"Hannu! Ce masa ya zo mu yi musanya."

Na yi dariya don ya ga na yi. Dilys tana shafa masa ƙafa a ƙarƙashin bargo tun da na shiga. Can ya ce mata, "Ke Dilys, kin ce za ki matsa min ƙafa, har yanzu shiru." Ta ce, "Yanzu zan fara." Ba ta dube ni ba.

Ta raka ni har bakin lif. Ta kama hannun rigata ta ce, "Nesta, ɗan maƙwabciyata yana aiki a irin kamfanonin nan. Ya ce in taimako ne tsakanin abokai, ba komai. In an biya kuɗi ne matsalar take. To ba wanda ya biya kowa. Kin ji ni? Taimako ne. Ni zan faɗi haka, Ifor zai faɗi haka. Ke ma."

Na ce na ji.

Ita da hannunta ta rubuta "Emrys, na gode" a bayan ambulan ɗin. Fam arba'in ne a ciki. Shi ne a gwangwanin biskit. Ga shi na rubuta.

Alhamis, 22 ga Fabrairu, ƙarfe 10 na safe

'Yan inshora sun kira. Za su turo mutum ranar Litinin, wai Mista Holloway, ya yi mana "'yan tambayoyi". Na rubuta sunansa da lokacin, kamar yadda Carys ta ce.

Juma'a, 23 ga Fabrairu, ƙarfe 4 na yamma

Na gaya wa Emrys abin da Dilys ta ce. Yana cin miyar rago da dankali, cokali a hagu, rabi yana zuba a faranti. Bai ɗago ba.

Na ce, "Ka ji ni kuwa?"

"Na ji."

"To me za ka ce wa mutumin?"

"Akwai sauran burodi?"

Shekara talatin da ɗaya da aure, na san in ya tambayi burodi magana ta ƙare.

Ni dai na yi ta maimaitawa a shago, ina yanke gindin furanni ina faɗa. Taimako ne. Abokinsa ne tun yarinta. Kuɗi? Haba, wane irin kuɗi tsakanin Emrys da Ifor. Har na iya inda zan ɗan yi murmushi. Ni da nake koyar da yara a makarantar Lahadi shekara goma sha biyar.

Asabar, 24 ga Fabrairu, ƙarfe 9 na safe

Ruwa. Mutum uku suka shigo shago, biyu labari suka zo ji.

Litinin, 26 ga Fabrairu, ƙarfe 1 na rana

Mista Holloway ya zo, ya tafi.

Mutum ne mai ladabi, ɗan siriri, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce ya cire. Na ba shi shayi da kek mai zabibi, ya ci yanka biyu, ya ce irin na kakarsa ne. Ya tambayi hannun Emrys. Ya tambayi jikin Ifor. Ina zaune na haɗa hannuwa a cinya, maganata a shirye a bakina, ina jiran ya zo kan kuɗi.

Sai ya ciro waya ya ce, "Da na shigo gari na tsaya gidan waya sayen jarida. Na ga wannan a jikin taga." Ya juyo mana da hoton.

Katin Emrys ne. Rubutunsa ne, da manyan baƙaƙe: MOTA DA DIREBA. ƊAUKAR KAYA, KWASHE GIDA, FARASHI MAI SAUƘI. Da lambar wayarmu. Ya fi shekara shida a tagar nan, rana ta cinye launinsa. Kullum ina wucewa ta gabansa har na daina ganinsa.

Ya ce, "Lambarku ce, Mista Parry?"

Emrys ya ce, "Tamu ce. Ni na rubuta. Ranar ma fam arba'in aka ba ni."

Mutumin ya rubuta. Ya juyo gare ni ya ce, "Akwai abin da za ki ƙara, Misis Parry?" Na ce ko zai ƙara shayi.

Ko ƙaryar ba a ba ni damar yi ba. Ban san me ya fi ƙona min rai ba, kama mu da aka yi, ko shirin da na kwana uku ina yi.

Laraba, 28 ga Fabrairu, ƙarfe 12 na rana

Na kira Dilys na gaya mata. Ta ce, "Wannan mijin naki! Gaskiya ce za ta ciyar da ku?" Sai ta fashe da kuka, ta ce ba haka take nufi ba. Likita ya yi musu magana jiya. Ban tambaye ta me ya ce ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta ce kawai ana maganar auna faɗin ƙofofin gidan Ifor.

Juma'a, 1 ga Maris, ƙarfe 8 na safe

Ranar waliyyin ƙasarmu, kowa da fure mai ruwan ɗorawa a ƙirji. Daga lambun maƙwabta na tsinko nawa na sayar. Ba su kira ba.

Litinin, 4 ga Maris, ƙarfe 2 na rana

Wasiƙa ta zo daga kamfanin inshora, shafi biyu. Na kai wa Mista Bevan, dillalin inshora da ke saman shagon magani. Da can wajensa muke yi, kafin Carys ta nuna min yadda ake samun mai araha a intanet. Bai tuna min ba. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa.

Ya ce, "Sun soke inshorar, Nesta. Ba daga yau ba, daga ranar da aka yi ta. A wajensu kamar ba ku taɓa yin inshora ba."

Na ce to motar fa?

"Ba za su biya ko kwabo ba."

Na ce Ifor fa?

"Shi za a biya shi, doka ta tilasta. Amma in sun gama biyansa, ku za su waiwayo."

Na ce nawa? Ya cire tabaran ya goge. Ya ce mutumin da ba zai koma aiki ba, ga gyaran gida, ga mai jinya. Ya tambaye ni ko gidanmu da sunanmu yake. Na ce mun gama biya shekara uku da suka wuce. Ya ce in nemi lauya.

Sannan ya buɗe shafi na ukun nan ya nuna min. Gidajen cikawa uku ne a jere. Na farko, motar da ke ɗaukar kayan mai ita kaɗai. Na biyu, wadda ke ɗaukar kayan wasu a biya ta. Na uku, mai kwashe gidaje. Ya ce, "Motarku duka ukun take yi. Na farko kaɗai aka cika. Wa ya cika fom ɗin?"

Na ce ban tuna ba.

Ya dube ni ta saman tabarau.

A cikin ambulan ɗin har da cek. Sun dawo mana da kuɗin da muka biya na bana. Ban san me ake yi da irin wannan cek ɗin ba.

Talata, 5 ga Maris, ƙarfe 7 na safe

Na tuna.

Laraba, 6 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Lahadi ranar iyaye mata ce. Abin da nake samu a wannan makon shi ke kai shagon har bazara. Mai gareji ya ce yana da wata tsohuwar mota shuɗiya, in ɗauka in yi ta biya a hankali, in dai na kawo masa takardar inshora.

Tun safe nake gaban kwamfuta. Kowane kamfani tambayarsa ɗaya ce, a wajen shafi na biyu: shin an taɓa soke muku inshora? In na danna "eh", sai allon ya ɗan yi tunani, ya ce a yi haƙuri. Goma sha ɗaya na gwada. A na goma sha biyu na kai kibiyar kan "a'a", na daɗe a wurin. Na rufe kwamfutar na je na wanke bokitai.

Wannan karon duk gidajen uku nake cikawa. Ba wanda ya kai ga duba su ma.

Alhamis, 7 ga Maris, ƙarfe 11 na safe

Mista Bevan ya kira. Ya samo kamfani ɗaya tak da ya yarda. Kuɗin da suka yanka ya fi kuɗin shuɗiyar motar kanta, a biya gaba ɗaya. Kuma ban da Emrys a tuƙi, sai 'yan sanda sun gama nasu binciken, tunda yanzu a takarda ya tuƙa mota ba inshora. Ni kuwa rabona da sitiyari tun Carys tana goye.

Ya ce, "Da kin hawo benen nan a watan Oktoba, da na haɗa miki duka a takarda ɗaya. Tsada kam da tsada, amma..." Na ce na gode, Mista Bevan.

Asabar, 9 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

Jiya Carys ta zo daga Wrexham da 'yar motarta. Ta ce, "Mam, mu kwantar da kujerun baya, sawu biyu mun kwaso furannin." Har ta buɗe but ɗin bayan motar. Na tambaye ta inshorarta ta mece ce. Ta ce ta zuwa aiki da yawo. Na ce ko ganye ɗaya ba za a sa a motar nan ba.

"Haba Mam, wa zai sani?"

Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba tun tana ƙarama. A tsakiyar titi. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta san ni ba.

A bas muka je, bas biyu zuwa, biyu dawowa. Kwali huɗu muka iya ɗauka. Direban na biyun ya ce, "Uwargida, jana'izar wa za a yi a motata?" Wata tsohuwa ta riƙe mana kwali ɗaya a cinya har muka sauka. Rabin furannin sun karye a wuya. Sauran sun ƙare kafin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na juya allon ƙofa. Ina ciki a zaune ina jin mutane suna taɓa ƙofar suna wucewa.

Lahadi, 10 ga Maris, ƙarfe 3 na rana

Carys ta ba ni kati da safar hannu. Ta ce ta rasa me ake ba mai sayar da fure. Ta koma.

Talata, 12 ga Maris, ƙarfe 10 na safe

Na shiga rumfar. Ashe ƙofar kabad ɗin ce ya samo a gareji, ta tsage gida uku, yana ta fama da gam da hannu ɗaya. Sauran kabad ɗin itacen wuta ne. Na zauna a kan buhun taki na ce ina da magana.

Na gaya masa. A watan Oktoba ne, da aka zo sabuntawa. Na cika fom ɗin da gaskiya da farko, na ga kuɗin, ya ninka har ya ɗora. A watan ne injin ɗumama gida ya mutu. Na koma baya na cire gida biyu, kuɗin ya sauko. Washegari wata ta kira don tabbatarwa, ta ce, "Kayanku kaɗai motar ke ɗauka?" Na ce eh. Ko daƙiƙa ɗaya ban yi ba. Na ce a raina shekara nawa yana tuƙi bai taɓa ko buge madubi ba.

Na ce, "Ni ce, Emrys. Ni na jawo mana. Gidan nan in ya tafi, ni ce."

Ya ajiye gam ɗin. Ya ce, "Ina kicin ranar. Ina jin ki."

Na ce me?

"Ina wanke kofi. Na ji ta tambaya, na ji kin ce eh. Na ƙara buɗe famfo."

Wata biyar kowannenmu yana ɗauke da abu ɗaya, yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Na zaci in na faɗa zan ji sauƙi, ko ya yi faɗa in ji sauƙi. Mun zauna kawai muna jin ruwa a kan kwano. Can ya ce, "Ba fom ne ya taka burki a kan ƙanƙara ba, Nesta." Wannan ce magana ta farko da ya yi a kan ranar. 

Alhamis, 14 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Emrys ya je asibiti. Tare muka hau bas har Bangor. A bakin ɗakin ya tsaya, sai da na tura shi.

An ɗan ɗaga kan gadon Ifor yanzu. Ya daɗe yana kallon Emrys, sannan ya ce, "Kai, dubi goshinka. Da ma can ba kyau gare ka ba."

Emrys ya matso gefen gadon.

"Zauna, kana tsaye a kaina kamar fasto. Wata guda! Har na fara cewa ko kai ne ka mutu aka ɓoye min."

"Ifor, ni..."

"In ka ce min yi haƙuri, wallahi sai na sa an fitar da kai. Ni na ce mu bi ta tsauni don mu dawo kafin a fara wasa. Ka manta? Ba ni labarin ƙwallo, talabijin ɗin nan sai an biya."

Na fita na ba su wuri. Ta gilashi na ga Emrys yana magana, kansa a ƙasa, Ifor yana kallon silin, hawaye yana gangara masa cikin kunne, ba hannun da ya ɗaga ya share. A hanyar dawowa Emrys ya yi barci a kafaɗata har garinmu.

Ba abin da ya canja. Amma ya ci abinci.

Litinin, 18 ga Maris, ƙarfe 12 na rana

Lauya. Yarinya ce, ba ta kai Carys ba. Ta ce abin zai ɗauki shekara biyu ko uku, kada mu sayar da komai, kada mu sa wa kowa hannu, kada mu yi maganar da su Dilys. Na ce mata a layi ɗaya muke zama a coci. Ta ce ta fahimta. Na tambaye ta gidan fa. Ta ce ba ta son ta yi min alkawari.

Laraba, 20 ga Maris, ƙarfe 9 na safe

Na gaya wa mai ginin shago ba zan sabunta haya ba. Ƙarshen wata.

An zo an ja motar zuwa inda ake murƙushe su. Ban je ba. Mai gonar kaji ya samu wani daga wani gari.

Juma'a, 22 ga Maris, ƙarfe 8 na safe

Rana ta fito yau. Ban san me zan yi da ita ba.

Talata, 26 ga Maris, ƙarfe 2 na rana

Takardar ƙara daga lauyoyin Ifor. Sunansa a sama, sunan Emrys a ƙasa, da wata kalma a tsakani. Emrys ya karanta ya ninke, ya sa jaket ya tafi tashar bas. Talata da Alhamis yake zuwa asibiti yanzu. Na ce lauya ta hana. Ya ce, "Ta hana maganar shari'a. Mu ƙwallo muke yi."

Asabar, 30 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

Ranar ƙarshe. Na kwashe kantoci tun jiya, saura bokiti biyar. Mutane sun yi ta shigowa, wasu da kek, wasu da kati, kowa yana cewa garin ba zai zama daidai ba. Waɗanda suka fi faɗa su ne waɗanda suka fi shekara ba su sayi komai ba.

Wajen ƙarfe uku Dilys ta shigo. Ta rame, rigar sanyinta tana yawo a jikinta. Rabonmu da juna tun kafin takardar. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "In fita?"

Na ce, "Rufe ƙofar, kina shigo min da sanyi."

Na dafa shayi a kofuna biyun da ban naɗe ba. Muka zauna a kan kwalaye. Ta ce, "Ba mu da wata hanya, Nesta. Sai an fasa bango an yi masa banɗaki a ƙasa. Sai an samu mai ɗaga shi safe da yamma. Ni bayana ba zai iya ba. Lauyan ya ce in ba a sa sunan Emrys ba, ba za a ba shi komai ba."

Na ce na sani.

"Ifor ya ƙi sa hannu har sau biyu. Ni na matsa masa."

Na ce da ni ce haka zan yi. Gaskiya na faɗa, amma ban iya kallonta ba lokacin da nake faɗa.

Ta ce gobe Ista, tana son ta kai wa mahaifiyarta fure. Tsohuwar ba ta san komai ba, an ce mata Ifor ya tafi aiki Scotland. Kullum sai ta ce yaron nan ko waya ba ya yi.

Ta ce in haɗa mata duk abin da ya rage. Na ce ta ɗauka kawai. Ta ce in ban karɓi kuɗi ba za ta ajiye su ta fita. Na karɓa. Na naɗe mata su a takarda, dami uku manya, sun fi ƙarfin hannunta, ga jaka, ga lema. Ina ganin tana kokawa da su sai bakina ya yi abin da ya saba shekara ashirin da biyu. Na ce, "Bar su, za a kawo miki gida."

Ta ce, "Da me?"

Muka kwashe da dariya, irin wadda ke sa ciwon ciki, har ta dafa kantar shagon. Sannan dariyar ta ƙare, muka tsaya.

Na ɗauki dami biyu, ta ɗauki ɗaya. Na kulle shagon, na jefa makullin ta ramin wasiƙun mai gini, muka taka zuwa tashar bas.